Wa Zai Rataya wa Pilo Lamba?

Fankar filin ƙwallon kwando ta mutu tun kafin a gama taken ƙasa, amma ba zafi ne ya jiƙe rigar Pilo ba.

Bikin ƙarshen shekara ne na makarantun sakandaren gundumar, kuma a tsibirin nan ba a karɓar lambar yabo kai kaɗai. In an kira sunanka, wani naka zai hau dandamali tare da kai, ya rataya maka ita a wuya, mai hoto ya ɗauka. Wanda ya hau babu kowa a bayansa, to har ya mutu ana ba da labarinsa a kasuwar kifi.

Pilo kuwa shi ya zo na ɗaya a ajin gyaran injin jirgin ruwa. Shi fa, Pilo! Wanda ya taɓa ɗaure akuya a igiyar ƙararrawa aka tashi makaranta da hantsi. Duk garin nan, daga mai keke har ɗan sanda, babu wanda bai ɗanɗana tsiyarsa ba. Yau ga shi a matse cikin kujerar roba, gwiwoyi na masa ciwo, dabara ko ɗaya ta ƙi zuwa.

Ba wai bai nemi mafita ba. Uwarsa ta daɗe da rasuwa. Ya roƙi Aling Pasing mai soya ayaba a bakin ƙofa ta hau a matsayin innarsa, ta yi dariya har ayabar ta ƙone, ta ce ko makaho ba zai yarda ba. Ya je wurin fada, limamin coci, aka ce ya tsallaka wancan tsibirin jana'iza.

Mutum ɗaya ce ta rage masa da zai iya roƙo, ita kuma tun da wuri ta yanke masa magana. Ranar tana da aiki, kada ma ya sa rai. Dama tun da ya shiga makarantar ba ta yarda da gaske yake ba. A ganinta wani sabon wasa ya ƙirƙiro don ya ba ta kunya a gari.

A kan dandamali, shugabar makarantun gundumar, Madam Teresita Abalos, tana ta zayyano abin da aka yi bana. An gyara rufin da guguwa ta kwashe. 'Yan ninkaya sun ciwo kofi a babban birni. Baɗi za a buɗe ajin girki da na walda, na injin jirgi kuma zai ci gaba. Ana tafi, ita ko murmushi.

Ko sau ɗaya ba ta dubi layinsu Pilo ba, kuma ya san dalili. A farkon zango, ranar da ta zo duba makarantar, shi ya zuba mata ƙaguwa masu rai a jaka. Ihun da ta yi a gaban malamanta, har masunta sun ji daga bakin teku. A lokacin yana ji da kansa. Yanzu kam da ƙasa za ta tsage ya shige da ya gode.

Maricel, 'yar ajinsu da ke gefensa, ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Oga, ina naka? Ko in ara maka kakata? Ta ji sauƙi, tana iya hawa matakala."

"Rufe mini baki, 'yar banza."

"Au, yau babu wasa? Ashe ana yi maka, kai ma."

Ya leƙa ƙofar baya. Mai gadi ya tokare ta da benci. Ya yi tunanin sumewa, amma ya taɓa yin wannan a taron coci, babu wanda zai ɗaga shi a karo na biyu.

Aka fara kiran sunaye. Yarinya ta hau da babanta mai takalmin aro. Yaro ya hau da uwarsa tana share hawaye da gefen siket. Layi na ta raguwa.

"Teofilo Bantug!"

Da jin cikakken sunansa, Pilo ya miƙe da ƙyar, ya hau. Malamin da ke riƙe da faranti ya dubi hagu, ya dubi dama. Mai kiran suna ya sake kusantar lasifika.

"Wanda zai rataya masa, a hanzarta don Allah."

Babu wanda ya taso. Can baya wani mai keke ya ɗaga murya, "A kawo masa akuya!" Fili ya fashe da dariya, dariyar mutanen da suka daɗe suna jiran wannan rana. Mai hoto ya sauke abin ɗaukarsa. Pilo ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar dandamali. Idanunsa suka cika.

Sai ga ƙarar takalmi ƙwas ƙwas a kan katako. Madam ce ta taso daga kujerarta, fuska a ɗaure. Ta ɗauki lambar daga faranti, dariya ta yanke. Pilo ya miƙa tafin hannu, don ya tabbata jefa masa za ta yi ta koma.

Ta ture hannun. Ta ware zaren, ta yi ɗage, amma ba ta kai wuyansa ba.

"Sunkuyo mana, Baba," in ji 'yar tasa. "Kuma ka share fuskarka, jikokinka na kallo."