Daga Jos Zuwa Jidda a Tafin Hannuna

Ina ƙarama sosai shekarar da Inna ta tafi aikin Hajji. Wata la'asar ana yayyafin nan mai sanyi, ina zaune a shagon ɗinkin Baba a Anguwan Rogo, na ƙi cin abinci, na ce sai dai a kai ni wurinta.

Baba ya tsayar da kekensa. A bangon shagon akwai wata tsohuwar taswirar duniya da ta koɗe. Ya warware farin zare, ya danne bakinsa da yatsa a inda ya ce nan ne Jos, ya ja shi ya ratsa Chadi da Sudan, ya tsallake wani siririn teku har Jidda. Sannan ya tsinke shi da haƙori.

"Miƙo hannu, uwata," in ji shi. "Ga duk nisan da ke tsakaninki da Innarki. Jirgin sama ba ya kwana-kwana irin na mota, miƙewa yake yi kamar zaren nan."

Na ce, "To, Baba, me ya hana ta dawowa?"

"Tana ɗaya bakin tana yi miki addu'a. Ke dai riƙe naki da kyau."

Na ƙanƙame shi, na kwanta a kan tarin atamfa. Ruwa na ta dukan kwanon rufi, barci na fizgata, ina jin kamar ana ɗan jan zaren daga can.

Yanzu na girma, na bi hanyar nan da kaina, na ga tsawonta. Amma har yau ban yarda wayo Baba ya yi mini ba.