Ragon Da Ya Ajiye Gemu

Tasi'u, Sahura, ku zo nan ku zauna. Ke ajiye tsintsiyar nan, kai kuma kife wayar a ƙasa, ba da ita nake magana ba. Kwana uku ke nan kuna wuce juna a tsakar gida kamar ba nono ɗaya kuka sha ba. Kai ka ce ka ci gwanjon injin ban-ruwa a waya, mai shi ya ba ka zuwa gobe da azahar ka tura kuɗi ko ya ba wani. Ke kin ce kuɗin lambun da ubanku ya bar muku ne, a hannunki aka ajiye, ko sisi ba zai fita ba. Ni ban yi boko ba, amma shekarata arba'in ina saye ina sayarwa. Ku buɗe kunne in ba ku misali.

Wata mata ce mai kiwo. Duk shekara takan sayi ƙaramin rago ta ɗaure, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa har Babbar Sallah ta zo ta sayar. Da shi take rufa wa kanta asiri. Wata shekara aka nuna mata wani shafi a waya inda ake gwanjon dabbobi, kowa ya sa tayinsa, wanda ya ɗara shi ne da kaya. Ta ga wani farin balami, dogo, kunnuwa a sake, ranta ya biya. Ta taya, aka ɗara ta, ta ƙara, aka bar mata a kuɗin da ko tunkiya ba za su saya mata a kara ba. Ƙa'idar shafin kuwa, mai saye ya zuba kuɗi wurinsu su riƙe amana, sai kaya ya shiga hannu su sakar wa mai shi. To ba ta gama murna ba sai ga mai ragon ya kira ta ta bayan fage, baki kamar zuma, Hajiya sama Hajiya ƙasa. Wai me zai sa su ba 'yan shafi la'ada a banza, ta turo masa kai tsaye ya rage mata, har kuɗin mota ya yafe. Ya ba ta lambar asusu, sunan da ke kai ba nasa ba, wai na ƙanensa ne. Kuma ta hanzarta, wani Alhaji na tsaye a kansa da kuɗi a hannu.

Ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta nufi shagon mai tura kuɗi. Har ta miƙa, mai shago ya fara danna lambobi, sai ta tuna wani abu. Tun da take kiwo ba ta taɓa biyan rago ba ta buɗe bakinsa ba, don haƙori ne ke faɗin shekarun dabba, ba dillali ba. Ta ce wa mai shago ya dakata. Ta kira mutumin ta ce ya buɗe bakin ragon ya ɗauko mata hoto. Ya ce rago ya fita kiwo. Ta ce tana jira. Ya ce wayarsa ba caji. Ta ce tana jira. Ta zauna kan benci tun hantsi har la'asar, mai shago na ta tsaki. Can sai ga hoto: hannu ya wage baki, manyan haƙora biyu farare tas, daidai yadda mai kiwo ke so. Mai shago ya ce to ai magana ta ƙare. Ita kuwa ta sa ya faɗaɗa mata hoton, ta kai ido ƙasan haɓa. Ga gemu nan yana reto. Bakin bunsuru ne. Ashe mutumin ko jelar rago ba shi da ita, bunsurun wani ya tare a lungu.

Ta kira shi ta ce, "Malam, ragon naka yaushe ya fara ajiye gemu?"

Ya yi rantsuwa, ya koma zagi, daga nan waya a kashe har yau. Ta karɓi kuɗinta, ta roƙi ruwa ta sha, ta yi ta hamdala kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Ranar kasuwa ta je kara, ta sa yatsa ta buɗe bakin wani ɗan rago ramamme, ta biya. Bai kama ƙafar balamin nan a kyau ba, amma igiyarsa na hannunta har gida.

Tasi'u, ban ce mai injinka ɓarawo ne ba. Ban san shi ba, kai ma ba ka san shi ba, abin da nake faɗa ke nan. Ka kira shi ta bidiyo, ka ce masa ya ta da injin ya zuƙo ruwa kana kallo, ya ambaci sunanka. Kuɗi kuma su bi ta hannun masu riƙon amana, ko a aiki wani namu ya je ya taɓa da hannu. Mai gaskiya ba ya fushi don an duba kayansa, in ya ce gobe da azahar ko a fasa, to a fasa. Ke Sahura, na gode wa Allah da kika damƙe kuɗin, hankalina ya kwanta. Amma kin ce wa yayanki wawa a gaban matarsa, wannan sai kin ba shi haƙuri. Kuma lambu na son ruwa, nan shi ke da gaskiya.

Ku tashi ku je ku daidaita, kafin magariba ku dawo min da magana ɗaya. Iyakar abin da na sani dai, ba a cinikin biri a sama.