Bikin da Ba a Gayyace Su Ba

Da fasto ta ce ma'aurata su fito a sa musu albarka, sai na miƙe. Shekara da shekaru ni da matata muna shiga coci ta ƙofa daban-daban don kada a gane muna tare, tun muna Jos har muka dawo garin Bowie a ƙasar waje. Yau kam na gaji. Na ratsa kujeru, na kamo hannunta, na ɗaga kai ina jiran mai cewa uffan.

Wata tsohuwa mai ƙatuwar hula ta tare mu, fuska a murtuke.

"'Yan nan, aure kuka yi?"

"Ƙwarai kuwa, Mama. Tun bara."

"Ba ku gayyace mu ba? To, ba mu yarda ba! Lahadi mai zuwa za a sake biki. Ni zan gasa kek."