Zabiyar da Ta Sallami 'Yan Amshi

Kai da kake cewa kai kaɗai ka isa, zauna ka ji. Ba zan maimaita ba.

A zamanin da kuza ke tashe a Jos, an yi wata zabiya. 'Yar amada ce tun asali. Ita ke ba da waƙa, mata huɗu suna kaɗa ƙwarya suna yi mata amshi, babbarsu kuwa yayarta ce, Tabawa. Ka san yadda abin yake: mai waƙa ta jefa baiti, 'yan amshi su cafe, kafin su dire ta haɗiyi yawu ta ja numfashi. Ita kuwa Allah ya ba ta murya. In ta ɗaga ta a gidan biki, masu daka a maƙwabta sai su tsai da taɓarya.

Wata rana shugaban makaɗan wani otal ya ji ta. Mutanensa daga Ikko da ƙasar Gwalkwas suka zo, suna busa ƙahonin ƙarfe, suna kaɗa gita, irin kiɗan da ake ce wa jaz. Ya ɗauke ta, ya koya mata tsayuwa gaban makirfo cikin doguwar riga, tana jan murya a hankali kamar mai rarrashin jinjiri. Turawan kuza suka so ta, ma'aikatan reluwe suka so ta. Ran da za a ɗauki muryarta a faifan garmaho, ta tafi da matanta huɗu. Mai ɗauka ya ce faifai gajere ne, ba shi da wurin amshi, ko ita kaɗai ko a fasa. Ta fito ta same su a inuwar bango, ta gaya musu. Tabawa ta ce, "Auta, murya baƙuwa ce. Ran da ta yi miki sallama, wa zai riƙe ki?" Ta yi dariya ta ce, "Yaya, faifai ba ya tsufa." Suka ɗauki ƙwaryarsu suka koma gida, ita ta koma ciki.

Daga nan duk waƙar da ta shirya zare guda ce, daga fari har ƙarshe babu inda wani zai sa baki. Inda za ta huta, ƙaho ke cike gurbin. Sunanta ya tafi. Daga Kano har Kumasi, shagon tela da teburin mai shayi duk muryarta ce ke tashi. Sai shekaru suka yi aikinsu, hayaƙin sigarin otal ya yi nasa. Murya ta fara dushewa. Ta sha zuma, ta tauna kanumfari, ta sha rubutu, ba ta dawo ba. Kuza ta faɗi, Turawa suka tattara, makaɗa suka watse kowa ya nufi garinsu. Mai otal ya samo wata yarinya. Zabiya ta koma gida da akwati ɗaya da garmaho.

Abin da ta tarar ya fi komai ci mata rai. Tabawa ba haƙori a bakinta, murya kamar ƙarar tsohon ƙyaure, amma har yanzu ita ake kira gidan biki. Ta furta kalma biyu, matan da ta koyar su ɗauke sauran, ba mai lura cewa tata muryar ta daɗe da tafiya.

Tabawa ba ta yi mata gori ba. Ran bikin jikar ita Tabawa, da la'asar, tsakar gida cike da mata, ta ce, "Tashi ki yi mana wadda duniya ta san ki da ita. Ga matana nan, za su riƙe ki." Zabiya ta miƙe. Ta san in ta kai waƙar nan ƙarshe, gidajen biki za su sake buɗe mata, in kuwa ta kasa, shi ke nan. Ta fara. Mata suka ɗora hannu a kan ƙwarya, baki a buɗe, suna jiran inda za su shiga. Baiti ya wuce, wani ya bi shi, suna ta jira. Da ta iso inda waƙar ke hawa sama, inda a da ƙaho ke tarbarta, murya ta tsinke. Sai iska kawai ke fita. Ta waiga ta ce, "Yaya, ku karɓa mana." Tabawa ta dube ta, ido ya kawo ruwa, ta ce, "Ta ina, Auta? Ba ki bar mana ƙofa ba."

Uwar amarya, don ta rufa wa zabiya asiri, ta shiga ɗaki ta ɗauko garmaho, ta wana shi, ta ɗora faifan. Muryar nan ta fito sabuwa fil, ta haye wurin da mai ita ta faɗi, ko gezau. Aka rangaɗa guɗa, rawa ta ɓarke. Ita tana nan tsaye a tsakiya. Wata baƙuwa daga dangin ango ta dafa kafaɗarta ta ce, "Iya, ɗan matsa, kin tare mana fili. Kin ji murya? An ce mai ita ta daɗe da rasuwa." Zabiya ta ce, "Allah ya ji ƙanta." Ta matsa, ta je bayan rumbu ta zauna. Ta yi tsawon rai bayan wannan, amma ko a wajen tankaɗe ba a ƙara jin ta rera komai ba.

To, ka ji. Tun kafin a haife ta magabata suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.