Munduwar Tanimu Ta Rikiɗe

"Ni kake harara, Malam?" in ji Ladingo. "Shekara da shekaru tawa shuɗiya, taka shuɗiya, maganinmu ɗaya!"

Tun da ƙanjamau ya yi rassa, hukuma ta ɗaura wa duk mai shi munduwa mai nuna irin ƙwayar cutarsa. Yau ta mijinta Tanimu ta wayi gari rabi shuɗi, rabi ja. Ja kuwa, ban dai ce komai ba, amma duk unguwar nan, mai ƙosai ce kaɗai ke da ita.

"Na je asibiti," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wai ƙwayoyin biyu sun haɗu sun haifi sabuwa. Ba ta da magani."

Ladingo ta dubi tata. Gefenta ya soma yin jaja-jaja.

Ta figi mayafinta, ta fice, ta banko ƙofa.