Sandar Ƙarshe ta Baban Debby

Na rasa miji, na gaji kududdufin tarwaɗa da tarin sandunan kamun kifi. Iyakar abin da ya fita da abin da ya shigo ke nan.

Sunana Abigail, amma a Romi Maman Debby aka sani, mai injin markaɗe. Injin nan ya ci ƙaramin yatsana na dama tun ina goyon Debby, washegari na ɗaure hannu na koma bakinsa. Ba a taɓa cutata a ciniki ba, kuma ban yi niyyar a fara bayan mutuwar Sylvanus ba.

Shi kuwa tun da aikin masaƙa ya ƙare masa a Kakuri, ya haƙa rami a bayan gida ya zuba kifi. Ba na sayarwa ba fa. Ya sauya musu ruwa, ya kwashe gansakuka, ya zauna yana yi musu hira. Ran Asabar ya tafi kogi da abokansa, su kama kifi, su juya shi su duba, su mayar. Kullum sai ya ce, "Maman Debby, zo mana ko sau ɗaya." In ce, "Ka kama ka saki, ni kuma in tafa maka? Je ka, uban tarwaɗa."

Sandunan da kansa yake yin su, da gora da zare mai launi. Kafin ya yi wa mutum, sai ya ba shi curin yumɓu ya damƙe, ya shanya curin, sannan ya sassaƙa mariƙi daidai da shatin, kowane yatsa da gurbinsa, biyar cif. Yumɓu ya cika min gida. Ko kasuwa za ni sai ya tare ni, wai in matsa in ji ko kwaɓin ya yi laushi. In matsa in jefa masa in wuce.

Cikin 'yan Asabar ɗin nan akwai mace ɗaya, Phoebe, nas mai ritaya daga Sabon Tasha. Ba miji, ga mota, ga turare. Zumuntar Mata ɗaya muke a coci, zane ɗaya muke ɗaurawa, amma nata kullum kamar yau aka ɗinko. "Malam Sylva" take ce masa. Ni da na aure shi ban taɓa gutsure masa suna ba.

Bayan biso ina share ɗakin aikinsa na ga sanda a ɓoye a saman rufi. Duk cikin waɗanda ya yi babu kamarta. Zaren jikinta launin zanen zumuntarmu. Mariƙin yana naɗe da tsumma, amma ko makaho ya san siriri ne, na hannun mace. Mutumin da bai taɓa sassaƙa min ko muciya ba!

Ta can ƙarshe na ɗauko ta, yadda ake ɗaukar mushen ɓera. Ran Lahadi da aka tashi coci na ɗora ta a kan motar Phoebe, mata suna kallo. Na ce, "Ga kayanki, mai shi bai samu ya kawo ba." Ta buɗe baki, na juya mata baya.

Daga nan kududdufi ya fara ɓaci. Ruwa ya koma kore, wari ya shiga har ɗaki, kifi suna tasowa ciki a sama. Ban san yadda ake yi ba, kuma ba zan tambaya ba. Callistus mai farfesun kifi ya zo ya taya, na kore shi da tayinsa.

Sai ga Phoebe. Wai 'yan Asabar suna so su sayi kifin da sauran sandunan, kada aikin Malam Sylva ya ruɓe. Na faɗi kuɗin da na san ba mai hankalin da zai biya. Ta tafi ta dawo ta ce sun yarda. Na ƙara. Ta sake dawowa, na sake ƙarawa. Gara kifin su mutu ɗaya bayan ɗaya a gabana da su ci abinci daga hannunta.

Zuwanta na ƙarshe ta same ni a bakin kududdufi ina tsame matattu da kwando. Sandar nan tana hannunta, ba tsumma.

Ta ce, "Maman Debby, na kai ta kogi, ta ƙi ni. Duk mun gwada, ta ƙi kowa."

Na ce, "To ni ina ruwana? Ki kai wa mai ita ƙara a maƙabarta."

Ta yi dariya kaɗan, idonta ya kawo ruwa. "Bakinki dai! Riƙe min in gyara ɗankwali."

Kafin in yi tunani ta dangwara min mariƙin a hannun dama. Hannuna ya rufe da kansa. Na juya, na sassauta, na sake damƙewa. Ɗankwalin nata kuwa lafiyarsa ƙalau, ko taɓa shi ba ta yi ba. Abin da ya fi ƙona min rai har yau shi ne ita ta riga ni ƙirgawa.

Ta ce, "To, yau nawa kika sa?"

Na ce su kwashe kifin, su kwashe sandunan, in sun ga dama su haɗa da ramin. Abin da na karɓa shi ne sandar nan, wadda Sylvanus ya sassaƙa wa gurbin yatsu huɗu, daidai hannun da inji ya rage min.