Allon Tahir Mai Fiffike

Shagon Tahir a Gamboru ɗan ƙarami ne, fuskarsa da ke kallon titi ba ta wuce tsawon tabarma biyu ba. Fitilun sola da batura yake sayarwa, kuma ba shi da buri irin masu wucewa su hango shi tun daga nesa. Maƙwabcinsa Chigozie mai kayan waya yana da shago mai ƙofa biyu, don haka allonsa ya ninka na Tahir. Wannan abu ya tsaya wa Tahir a rai kamar ƙashin kifi a maƙogwaro.

Sai ya kira mai walda, aka ƙera masa wani ƙaton allo mai ƙafafun ƙarfe, aka kafa shi a ƙasa. Allon ya rufe gaban shagon, ya kuma zarce ya cinye rabin bakin lungun da ke gefe, lungun da gidansa yake ciki.

Ba a jima ba wata ma'aikaciyar ofishin tsara gari, Madam Edith, ta zo da tef ɗin awo. Ta auna bangon shagon, ta auna allon, ta girgiza kai.

"Malam, fuskar shago daga wannan kusurwar bango take zuwa waccan. Allo ba ya wuce ta, kuma har da ƙarfen gefensa ake aunawa, ba rubutun kawai ba. Bakin lungu kuwa hanyar jama'a ce."

"Madam, wace jama'a? A nan mahaifina Ba'ana yake shimfiɗa tabarmarsa tun kafin a yi kwalta. Tambayi kowa, wurinmu ne."

"Allah ya jiƙan Baba. Amma shi in ya tashi yana naɗe tabarmarsa, ƙarfe kuwa ba ya naɗuwa. Mai fitowa daga lungun nan ba ya ganin titi, mai abin hawa ba ya ganinsa. A rage shi."

Mai karatu, ka san irin mutanen nan da in an ce kada su yi, sai su ji kamar an ce su ƙara himma. Tahir ya sake kiran mai walda. Aka yanke rarar allon, amma ba a yar ba, aka mayar da ita yadda za ta buɗe ta rufe kamar ƙyauren ƙofa. In an hango motar ma'aikata sai ya naɗe fiffiken, allo ya dawo daidai da bango. Suna shan kwana ya sake bazawa. 'Yan layin suka yi ta dariya, har wasu suka fara tambayar wane mai walda ne.

Chigozie kaɗai ne bai yi dariya ba.

"Oga Tahir, jiya saura kaɗan mai keke napep ya kwashe wata tsohuwa a nan. Naɗe wannan abu, ni zan riƙa turo maka masu saye."

"Kai dai ka ga na fara ciniki ne," in ji Tahir.

Matarsa Gumsu ma ta yi magana, ta ce ita kanta sai ta leƙa kai kafin ta fita titi. Ya ce mata harkar kasuwa ba ta mata ba ce.

Wata Laraba da la'asar, 'yarsu Khairunnisa ta fito daga lungun za ta makarantar Islamiyya. Ta makara, don haka da gudu ta fito. Fiffiken a buɗe yake. Mai napep ɗin da ke tahowa ba gudu yake yi ba, amma bai gan ta ba sai da ta ɓullo daga bayan allon. Tahir yana cikin shago yana gwada wa wani fitila ya ji ƙarar birki, sannan ya ji muryar da ya sani.

Chigozie ne ya ɗauke ta a motarsa zuwa asibiti. Likitoci sun ceci ranta, amma ƙafar dama ta murƙushe, dole aka yanke ta daga gwiwa. Mai napep, da ya biyo su asibitin, ya zauna a ƙasa yana kuka yana rantsuwa bai ga yarinyar ba. Tahir bai iya ɗaga kai ya dube shi ba, don ya san gaskiya mutumin yake faɗa.

Da Khairunnisa ta farfaɗo ta tambayi mahaifinta, "Baba, yaushe zan koma makaranta?" Ya fita waje ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsa.

Washegari da kansa ya riƙe wa mai walda fiffiken aka datse shi. Bai tsaya nan ba. Ya sayi tef ɗin awo, ya bi layin shago-shago, musamman wurin waɗanda suka kwaikwayi dabararsa. Wasu sun rage allunansu, wasu sun ce ya kama gabansa. Duk wanda ya kore shi, washegari zai sake ganinsa a ƙofa.

"Zan dawo," yake ce musu. "Ni ma an gaya mini na ƙi ji. Ku zo gidana ku ga abin da na saya da allo."

Jama'a, awon allo da fuskar shago ba don a tauye cinikin kowa aka sa shi ba, don mai tafiya ya ga hanya ne, mai tuƙi ya ga mai tafiya. Kafin ka kafa allo ka tambayi ƙa'ida, ka tsaya iya bangonka, domin wanda zai fito daga bayan allon nan yana iya zama ɗanka.